Daga Kakuri zuwa Kantin Kwari: ina ayyukan masaƙu suka tafi?

A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a unguwar Kakuri, haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin Jihar Arewa ta su Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. A 1964 United Nigerian Textiles, wadda kowa ya sani da UNTL, ta biyo baya da jarin 'yan kasuwar Hong Kong, sai Arewa Textiles da Japanawa suka sa wa hannu. Aka kafa wasu a Gusau da Funtuwa, da Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano, ban da na Legas da Aba. A tsakiyar shekarun 1980, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne masaƙu wajen 175 a faɗin Najeriya, kuma a duk masana'antun ƙasar babu ɓangaren da ya kai su ɗaukar ma'aikata. Kaduna Textiles ta rufe ƙofa a 2002. UNTL ta tsayar da injinanta na Kaduna a 2007. Waɗanda suka rage suna numfashi a yau ba su kai 30 ba.

Mutane kuwa ba su daina sa tufafi ba. Yawan jama'a ya ninka fiye da sau biyu tun wancan lokaci, lefe bai ragu ba, anko ma ƙaruwa ya yi, Kantin Kwari ta cika ta batse. Buƙata tana nan, ta ma fi ta da. Aikin kaɗi da saƙa da rini ne ya tashi daga bakin kogin Kaduna ya koma garuruwan gabashin Sin da na Indiya.

Masana tattalin arziki sukan ce ƙasa tana cin riba idan ta bar kaya suka shigo daga inda aka fi iya yin su da araha. Maganar gaskiya ce, bai kamata kishin masaƙa ya sa a musanta ta ba. Uwar 'ya'ya shida, idan kuɗin kayan sallarsu ya sauka, abin da ya rage a hannunta gero ne da magani da kuɗin makaranta. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen rabon ribar da rabon asarar. Mu ƙaddara, don misali kawai, turmin atamfa ya sauka da naira 1,000, kuma mata miliyan 10 na sayen turmi biyu a shekara. An sami rarar naira biliyan 20 ke nan, amma kowace mace 2,000 ta samu, ba lallai ma ta san daga ina sauƙin ya zo ba. A ɗaya gefen, masaƙa mai ma'aikata 5,000 ta rufe. Su albashinsu ne gaba ɗaya ya tafi, kuma dukkansu a unguwa ɗaya suke, a layi ɗaya suke haya, wurin mai kanti ɗaya suke cin bashi. A lissafin ƙasa ribar tana iya fin asarar. A lissafin Kakuri da Makera, asarar ce kawai ta iso.

Don a gane girman abin da ya tafi, sai an bi zaren tun daga gona. Manomi a Funtuwa ko Malumfashi ko Gombe ya shuka auduga da damina, ya tsince ta bayan ɗaukewar ruwa. Dillalai su saya su kai gidan gurza, inda inji ke raba audugar da angurya. Abin da ke fita na kaɗi bai fi kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na nauyin ba, sauran angurya ce, a tatse mai, tunkuzar ta tafi abincin shanu. A matse audugar a ɗaure dila-dila a loda a mota. A cikin masaƙa akwai sashen da ake kwance dilar a kakkaɓe datti a shiɓe ta, da sashen kaɗi inda take zama zare, da sashen saƙa inda akoko ke fita. Daga nan a babbake gashin yadin, a wanke sitacin da aka sa wa zare, a faranta shi, sannan a kai ɗakin zane. Atamfa ta ainihi, da ƙaro ake buga mata zanen a fuska biyu, ta hanyar birgima mata sandunan tagulla da aka sassaƙa wa adon, a tsoma a baba, a karya ƙaron a wanke, sannan a riƙa ɗora sauran launuka ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa ciki da wajenta ke zama iri ɗaya. Kowane mataki da mutanensa, kuma sau uku ake canjin ma'aikata, safe da yamma da dare, domin injin kaɗi ba a son a kashe shi. Ga kanikawa, ga masu lantarki, ga masu kula da tukunyar tururi, ga masu fitar da sabon zane, ga direbobi.

A bakin ƙofar masaƙa kuma akwai wata kasuwar: mai tuwo, mai shayi, mai facin keke, mai gidan haya, tela, mai makarantar kuɗi. Kuɗin da ke riƙe da su duka albashin ma'aikata ne, shi kuma daga waje yake shigowa unguwar, daga atamfar da aka sayar a Onica da Kwatano da Njamena. Wannan shi ne bambancin aikin da ke sayar wa na nesa da aikin da ke yi wa maƙwabta hidima. Idan na farkon ya mutu, na biyun yana bin sa a hankali, domin wanzami ba zai rayu da askin wani wanzami ba.

Sau da yawa akan taƙaita labarin da cewa kayan Sin ne suka kashe masaƙu. Sun kashe su, amma sun tarar da su a kwance. Lokacin da kuɗin fetur ya yi yawa naira ta yi tsada har ta fi dala, kayan waje suka yi araha, noman auduga ya ja baya. Da farashin fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗin waje ya yi wuya, masaƙu suka riƙa neman lasisin shigo da rini da sinadarai da kayan gyara ruwa a jallo. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona har da ta auduga. Karyewar naira ta yi rana ta wani gefen, don an yi shekaru atamfar Najeriya na tafiya maƙwabta saboda araha. Sai dai ta ninka kuɗin sabon inji, masu masaƙu suka ci gaba da lallaɓa tsofaffi. Rushe hukumar auduga kuwa ya tafi da tsarin raba iri mai kyau da tantance darajar kaya kafin saye.

Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, a 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. Sin ta shiga ƙungiyar a Disambar 2001, kuma a ranar 1 ga Janairun 2005 aka kawo ƙarshen tsarin ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe masu tasowa za su sayar a Turai da Amurka, abin da ya sa masaƙun Asiya suka faɗaɗa ba kama hannun yaro. Gwamnatin Obasanjo ta mayar da haramcin shigo da atamfa a 2002. A cikin shekarun wannan haramci ne manyan masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Duk mai ganin rufe iyaka shi ne magani, ya kamata ya tsaya a kan wannan ya yi tunani.

Dalilin yana cikin kuɗin da ake kashewa kafin turmi ɗaya ya fito. A fara da wuta. Injin kaɗi ɗaya yana ɗauke da ɗaruruwan mazarai suna juyawa lokaci guda. Idan aka ɗauke wuta ba zato, zare yana tsinkewa a wurare da yawa, sai ma'aikata sun bi ɗaya-ɗaya sun ɗaura da hannu. A ɗakin rini abin ya fi muni: yadin da ya tsaya a cikin ruwan rini ko a cikin na'urar busarwa ya ɓaci, launi ya yi duhu a wani wuri ya yi haske a wani, sai dai a sayar da shi a matsayin mai aibu. Saboda haka masaƙa ba ta iya dogara da wutar gwamnati, dole ta kunna janareta dare da rana, ta sha dizal. Sai tururi, wanda ake buƙata wajen sa wa zare sitaci da wanki da rini da busarwa. Tukunyar tururi baƙin mai take ci, masaƙun Arewa kuma daga matatar Kaduna suke samunsa. Duk lokacin da matatar ta tsaya, sai a nemo shi daga Kudu a tanka, da tsada. Ƙara da rijiyar burtsatse da tace ruwa, da bashin banki mai ruwa sama da kashi 20 cikin 100 wanda ake so a biya cikin shekara ɗaya ko biyu, alhali inji sai ya yi shekara goma kafin ya fitar da kuɗinsa. Injinan saƙar kuma tsofaffi ne masu ƙoshiya, waɗanda ke jefa zare wajen sau 200 a minti ɗaya, abokan gasa kuwa sun koma masu harba zare da iska, waɗanda ke yin ninki huɗu ko biyar na haka.

Akwai kuma wani ƙaramin abu da ya yi babbar ɓarna, buhun leda. Manomi yana tsintar auduga a tsohon buhun taki ko na shinkafa, zarurrukan ledar su zube su gauraya da ita. Ba a ganinsu da ido, don farare ne, injin gurza kuma yana daddatsa su ya watsa cikin dila. Sai an saƙa an rine sannan su bayyana, domin leda ba ta kama rini: a ga fararen layuka a jikin yadi mai shuɗi. Wannan ya karya darajar audugar Najeriya a waje, ya kuma ƙara wa masaƙun gida kayan da ake warewa.

Ta ɗaya gefen, mai masaƙa a Sin ba ya bin doguwar hanyar ƙaro. Yana ɗaukar hoton zanen da ya yi kasuwa a Kano, ya buga shi da injin zane mai sauri, sau da yawa a kan yadi mai gaurayen zaren roba, har da tambarin kamfani da rubutun bakin zane. Masaƙar gida ta kashe kuɗi ta fitar da sabon ado, kafin ta mayar da kuɗinta kwafinsa ya cika kasuwa a farashin da ba za ta iya sauka ba. Kuma a faɗi gaskiya, 'yan kasuwarmu ne suka riƙa ɗaukar samfuri su hau jirgi zuwa Guangzhou su ba da oda. Da tafiya ta yi nisa kayan ma sun inganta, har irin su Hitarget suka yi sunan kansu, mata na nemansu da suna.

Haramci bai hana wannan kaya shigowa ba, hanya kawai ya sauya masa. A lokacin, kwantena takan sauka a Kwatano ko Lome da takardun kayan wucewa zuwa Nijar, babbar mota ta ɗauko ta ƙetare a Gaya, ta nufi Birnin Ƙonni ko Maraɗi ko Damagaram. A can a biya harajin sake fitarwa, wanda halas ne a dokar Nijar, a sauke a sito, a rarraba a ƙananan motoci su shigo ta wajen Illela ko Jibiya ko Kwangwalam ko Maigatari, ko ta hanyoyin daji. Rufe iyakar Nijar da Jamhuriyar Benin a 2023 ya karkatar da hanyar, bai kashe sana'ar ba. Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, mutanen ɓangarorin biyu dangin juna ne, yadi kuma kaya ne mai tsada, marar nauyi, ba ya ruɓewa. Lissafin ɗan kasuwa mai sauƙi ne: idan kuɗin bin tashar Legas, haraji da jinkiri da kuɗin ajiya, ya fi kuɗin bin daji, daji zai bi. Idan aka haramta kayan gaba ɗaya, kuɗin da ya kamata ya shiga baitulmali ya koma kuɗin hanya, masaƙa ba ta tsira ba, gwamnati ba ta samu ba. Wannan fatauci shi ma yana ciyar da dubban 'yan dako da direbobi da masu sito a Maraɗi da Ƙonni, kuma sun ji a jikinsu lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020.

To ina ma'aikatan suka tafi? Tsohon zato shi ne wanda ya rasa aiki a masana'antar da ke mutuwa zai koma wadda ke tasowa, ko ya yi ƙaura zuwa garin da ake ɗaukar mutane, cikin 'yan shekaru komai ya daidaita. Binciken da aka yi a ƙasashen da ke da cikakkun alƙaluma ya rushe wannan zato. David Autor da David Dorn da Gordon Hanson sun raba Amurka yankuna 722, gwargwadon inda mutane ke kwana da inda suke zuwa aiki, suka duba abin da ya faru daga 1990 zuwa 2007. Sun gano cewa gasar kayan Sin ce ta jawo kusan kashi ɗaya cikin huɗu na raguwar ayyukan masana'antu a wannan lokaci. Garuruwan da ke yin kujeru da yadi da takalma, irin na jihohin North Carolina da Virginia, su suka fi shan wuya. Mutane ba su tashi ba, albashi ya sauka har a ayyukan da ba na masana'anta ba, masu neman tallafin naƙasa suka ƙaru. Wani bincike da suka yi tare da Daron Acemoglu ya ƙiyasta ayyukan da suka salwanta tsakanin 1999 da 2011 da miliyan 2 zuwa miliyan 2.4, idan aka haɗa da na masu kawo wa masana'antu kaya da masu yi wa ma'aikata hidima.

Abin da ya faru a Brazil ya fi kusa da namu. Ƙasar ta zaftare harajin shigo da kaya daga 1990 zuwa 1995. Rafael Dix-Carneiro da Brian Kovak sun bi yankunan da abin ya fi shafa, suka tarar raunin bai warke ba, girma ya yi: tasirinsa a kan albashi bayan shekara 20 ya kusa ninka na bayan shekara 10 sau uku. Masana'anta ba ta mutuwa rana ɗaya. Mai ita yana ci gaba da aiki da injin da yake da shi har ya tsufa, sannan ya ƙi sayen sabo, masu kawo masa kaya su rage, sabon mai jari ya duba garin ya wuce. Waɗanda aka sallama kuwa, da yawa sun ƙare a ayyukan da ba su da rajista.

A Najeriya babu tallafin rashin aiki, don haka ba wanda ke iya zama a gida ya jira. Mutumin da ya yi shekara 20 a gaban injin kaɗi yana da ƙwarewa ta gaske, yana jin ƙarar inji ya san inda matsala take, amma ƙwarewa ce da ba ta da mai saye a wajen masaƙa. Sai ya koma acaɓa, ko gadi, ko tireda a ƙofar gida, ko ya koma ƙauye ya yi noma. Waɗannan sana'o'i dama suna da mutanensu, fasinja kuma bai ƙaru ba, raguwa ma ya yi tunda albashi ya tsaya. Cinikin da 'yan acaɓa 100 ke rabawa ya koma na 300. Ta haka asarar ke isa ga wanda bai taɓa taka ƙofar masaƙa ba. Kuma alƙaluman rashin aikin yi ba sa nuna wannan. Tun da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta koma ƙirga duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, adadin ya faɗo daga kashi 33.3 na ƙarshen 2020 zuwa kashi 4.1 a farkon 2023. A irin wannan ma'auni tsohon ma'aikacin UNTL da ke tura baro mai aiki ne. Wanda ke son ganin ɓarnar sai ya duba abin da ke shiga aljihu a wata, da yaran da aka cire daga makaranta, da ɗakunan haya da suka zama kango.

Abin da aka rasa ya wuce albashi. Aikin masaƙa yana tafe da asibitin kamfani, da hutun shekara, da kuɗin sallama, da ƙungiya mai ƙarfi. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da teloli, wadda aka kafa a 1978 da hedikwata a Kaduna, tana zama da masu masaƙu su tsayar da albashin da zai hau kan kowa a faɗin ƙasa. Daga cikinta Adams Oshiomhole, tsohon shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, ya fito, ya fara ne a Arewa Textiles. Wuri ne kuma da Bahaushe da Bajju da Tibi da Igala ke tsayawa a kan inji ɗaya, su shiga yajin aiki tare, abin da garin Kaduna ya yi kewarsa daga baya. Ma'aikatan Kaduna Textiles sun shafe sama da shekara 20 suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa sun rasu ba su karɓa ba, matansu da 'ya'yansu suka ci gaba da bi. Ƙaura kuma ba abu ne mai sauƙi ba ga mai iyali da ɗan gidansa da ba zai sayu da daraja ba, balle ma masaƙun Kano da na Legas a lokaci ɗaya suke sallamar mutane.

Adalci ne a ƙirga waɗanda suka samu. Kantin Kwari tana ciyar da yaran shago da 'yan kamasho da 'yan dako da masu sito da 'yan canji da direbobin da ke kai kaya Chadi da Kamaru da Nijar. Teloli da masu aikin wuyan riga sun ƙaru, domin yadi mai araha yana nufin ɗinki mai yawa. Sai dai yawancin wannan aiki na yini ne, a samu yau a rasa gobe, jarin kuma yana hannun 'yan tsiraru. Sannan duk kasuwar a kan dala take tsaye, dalar kuma daga fetur take zuwa, shi ya sa duk lokacin da naira ta faɗi, kamar 2016 da 2023, ciniki ke tsayawa cak. Gasar ma ba ta tsaya a masaƙa ba. Da 'yan Sin suka gane kasuwar, sai suka fara zuwa da kayansu da kansu, har hukumar shige da fice ta kama wasunsu a Kano a 2012. A 2015 marinan Kano suka fito zanga-zanga, domin kayan da a da ke zuwa fari su rina, ya fara zuwa a rine.

Gwanjo shi ma yana cikin lissafin. Binciken Garth Frazer ya nuna cewa tsofaffin tufafin da ake shigowa da su sun jawo kusan rabin raguwar ayyukan ɗinkin kamfani a Afirka tsakanin 1981 da 2000. Ruwanda ta ɗaga harajinsu a 2016 daga senti 20 zuwa dala 2.50 a kowane kilo, Amurka ta mayar da martani a 2018 da janye wa tufafinta rangwamen AGOA, tsarin shigar da kayan Afirka Amurka ba haraji. A Najeriya gwanjo haramtacce ne a takarda, dilolinsa kuwa ana kwance su a Ƙofar Wambai kowane mako.

Kariya takan yi aiki a wani kaya ta ƙi a wani, kuma ana iya sanin dalili tun kafin a fara. Tun 2002 aka ɗaure lasisin shigo da siminti da sharaɗin gina masana'anta a gida, aka sami masana'antar Obajana, aka faɗaɗa ta Kalambaina, ƙasa ta daina dogara da na waje. Siminti kaya ne mai nauyi marar tsada, ba wanda zai yi fasa-ƙwaurin buhu mai kilo 50 ta daji ya ci riba, dutsen da ake yin sa da shi kuma yana nan birjik. Duk da haka mai gini ne ke biyan kuɗin kariyar, kamfanonin 'yan kaɗan ne, ayyukan kuma ba su da yawa idan aka auna da jarin. Shinkafa tana tsakiya: hana ta dalar gwamnati a 2015 da rufe iyaka a 2019 sun haifar da injinan gyaran shinkafa a Kano da Kebbi da Jigawa, amma kowane gida ya biya a farashin buhu, kuma da aka sassauta haraji a 2024 masu injinan suka fara kuka. Yadi shi ne mafi wuyar karewa, kuma shi aka fi ƙoƙarin karewa da doka.

An kuma gwada kuɗi. An ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don auduga da yadi da ɗinki, UNTL ta sake buɗewa a 2010. Bashi mai sauƙin ruwa yana sayen inji, amma ba ya rage kuɗin dizal na wata-wata, masaƙar da ke faɗuwa a kowane turmi kuwa, ƙarin jari ƙarin faɗuwa ne. Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dalar gwamnati, ya jaddada a 2019, suka koma wurin 'yan canji, aka janye dokar a Oktoban 2023.

A ganina, abin da zai dawo da aiki yana cikin rage kuɗin turmi. Masaƙu su taru wuri ɗaya da tashar wutarsu, da tukunyar tururi da matatar ruwan rini ta haɗin gwiwa, kuma a nan bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, ya fi kowace dokar haramci amfani idan gas ya iso. A raba wa manoma buhun yadi na tsintar auduga, gidan gurza ya biya mai tsabta fiye da mai leda, don ba wanda zai wahala a banza. Harajin yawancin yadi na tsarin ECOWAS kashi 20 ne cikin 100, kuma harajin da ake iya karɓa ya fi haramcin da ba a iya tsarewa, muddin fitar da kwantena ta halas ta fi bin daji sauƙi. Duk kamfanin da za a ba kariya ko kwangilar kakin soja da 'yan sanda, a sa masa wa'adi da adadin ma'aikata da na kayan da zai fitar, in ya kasa a janye. Kuɗin sallama kuma a riƙa ajiye shi a asusun da kamfani ba ya iya taɓawa tun yana da rai, domin ranar da ya rufe bankuna ne a gaban layi.

Kada kuma a yi zaton ko masaƙu sun dawo za su ɗauki mutane kamar da. Sashen kaɗi na zamani injina ne masu yawa da mutane kaɗan. Inda hannu ke da yawa shi ne ɗinki. Bangaladash tana da ma'aikatan ɗinki wajen miliyan 4, alhali kusan duk audugarta sayowa take yi. Wannan yana kawo rikicin da ba a cika faɗa ba: tela yana son yadi mai araha ko daga ina, mai masaƙa yana son a tsaurara, manomin auduga yana son farashi mai tsada da masaƙa ba ta so. Rikicin nan zai fito fili a yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka, wadda Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a Yulin 2019, ta wajen ƙa'idar asalin kaya. Idan rigar da aka ɗinka da yadin Asiya ta isa a kira ta ta Afirka ta wuce ba haraji, ayyukan za su tafi wurin teloli, a duk ƙasar da ke da tashar ruwa mai sauri da wuta tsayayya. Idan kuwa sai an saƙa yadin a nahiyar, to masu injin kaɗi da saƙa irin su Masar da Moroko da Habasha ne za su fara cin kasuwar, gidajen gurza na Funtuwa da Gusau su sami mai saye, masaƙun Kaduna da Kano kuma su fuskanci gasa daga maƙwabta ba tare da harajin kashi 20 a tsakani ba.